Basillar da Na Tsoma a Ruwan Teku

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya gama kwashe sauran abin da ke cikin kaina, da ranar da na zauna a gaban masana na ƙasashe daban-daban ina ɗaga musu basilla, gumi yana bin gemuna. Ni ne fa wanda ake kira Malam a unguwarmu a Batsari. Na yi shekara da shekaru ina gaya wa mata su daina ajiye wuƙa kusa da kan jariri don korar aljanu, ina cewa tsari na Allah ne, ba na ƙarfe ba. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Sa'adatu 'yar ƙanena ce, Allah ya jiƙansa. A hannuna ta yi babbaƙu da farfaru, kafin boko ya ɗauke ta ya yi ta tafiya da ita har aka fara kiranta Dakta. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne aikin da ta zaɓa. Yarinyar da babban ruwan da ta sani tana ƙarama shi ne tafkin bayan gari, wanda ke ƙafewa kafin bazara ta yi nisa, ita ce ta koma binciken teku.

Ta taɓa yi mini bayanin aikin, muna zaune a zaure. Ta ce jirgin ruwa suke shiga, su da mutanen ƙasashe da yawa, su yi watanni ba su ga tudu ba. Sai su zura kwalabe da doguwar igiya zuwa can ƙasa, su ɗebo ruwa, su auna ƙarfe da tagulla da tutiya da ke narke a cikinsa.

"Ƙarfe a cikin ruwa?" na ce.

"Ɗan mitsitsi, Baffa. Bai kai ƙwayar gero ɗaya a cikin rumbu dubu ba. Amma ƙananan halittun da kifi ke ci ba sa rayuwa sai da shi, kamar yadda gona ke buƙatar taki. Inda babu shi, teku fako ne."

Maganar taki na fahimta sarai. Ta kuma yi dogon bayani a kan yadda suke sa safar hannu, su rufe kai, su cire zobe kafin su taɓa kwalba. Wannan ɓangaren na saurare shi kamar yadda ake sauraren sanarwa a rediyo (na ji, amma ban ajiye ba).

Wata bazara mai zafi, jirginsu ya tsaya a Legas. Ta taso da kason ruwanta a cikin wani akwatin roba, za ta kai ɗakin gwaji na jami'ar da take aiki. Tana hanya aka kira ta cewa mahaifiyarta na kwance ba lafiya a Wagini. Mota ta kawo ta Batsari. Daga nan sai babur, akwatin kuwa ba zai hau babur ba. Ta sa aka shigar da shi ɗakin karatuna, aka ajiye a kusurwa.

Ta tsaya tana duba ɗakin. Ta ɗauke wuƙar da nake fiƙe alƙalami ta miƙo mini. Ta janye tsohuwar fitilar ƙwai ta fitar da ita waje.

"Baffa, amana ce. Aikin shekara biyu ne a ciki. Kada kowa ya buɗe, kuma don Allah kada ƙarfe ya kusance shi."

"Ruwan daga ina ne, 'yar nan?"

"Daga inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba tun da aka yi duniya. Duhu ne kawai da sanyi. Ruwan da ke cikin wasu kwalaben ya yi ɗaruruwan shekaru rabonsa da ganin sama."

Ta hau babur ta tafi, don ba a son la'asar ta riski mutum a wannan hanya. Ni kuwa na tsaya a ƙofar ɗaki ina juya maganarta. Kada ƙarfe ya kusance shi. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake cewa yana gudun ƙarfe. Kuma tun muna yara mun ji malamai na faɗin cewa a kan teku Iblis ya kafa gadonsa. Na yi a'uzu, na kori tunanin.

Ranar farko ba abin da ya faru.

Rana ta biyu, da rana ta take, ina zaune ina kwafe wata tsohuwar takarda. Kun san wannan lokaci a bazara: gari ya yi tsit, awaki sun lafe a gindin katanga, ko kurciya ba ta kuka. Sai na ji ƙwas. Na ɗaga kai. Babu kowa. Na mayar da alƙalami cikin tawada. Ƙwas. Kamar mutum ya ƙwanƙwasa da farce, sau ɗaya, daga ciki. Na zuba wa akwatin ido har idanuna suka yi ruwa. Bai motsa ba. Ina sunkuyar da kai ya ƙara.

Kyanwar gidanmu, wadda kullum a kan buzuna take barcin rana, ta zo bakin ƙofa, ta tsaya, ta juya ta koma.

Matata Gambo ta leƙo da kwanon fura. "Malam, kayan Sa'a ne ke gaishe ka?"

"Katako ne ke motsi saboda zafi," na ce mata.

"Wane katako? Roba ce fa."

"Ajiye furar ki tafi."

Rana ta uku abin ya ƙaru. Ƙwas daga wannan kusurwa, ƙwas daga waccan, kamar suna amsa wa juna. Na nemi Sa'adatu a waya ya fi sau goma, amma Wagini ba sabis. Sai na fara lissafi irin na mai tsoro. Ranar da jirgin ya tsaya, ranar uwarta ta kwanta. Yarinyar kuma ta rame, idanunta sun faɗa. Wa ya san abin da ta ɗebo daga wannan duhu, ya biyo ta har gida? Ina cikin wannan tunani sai ga guguwa ta shigo tsakar gida, 'yar siririya, tana juya kara da ganye. Ta ratsa gaban madafa, ta wuce rijiya, ta zo daidai ƙofar ɗakin karatuna ta tsaya tana juyi a wuri ɗaya. Sannan ta zube, kara ya watse a bakin ƙofa. A daidai lokacin akwatin ya ce ƙwas.

To, a nan ne ilimin shekara arba'in ya tashi ya bar ɗakin, abin da kakata ta koya mini ya shigo ya zauna.

Na yi alwala. Na ɗauko basillar da nake ɗinke gafaka da ita, wadda na gada daga malamina na garin Zakka, tsohuwa, duk ta yi tsatsa. Na tura ƙofa. Na buɗe akwatin.

Kwalaben roba ne a jere, sahu-sahu, kowace a cikin leda biyu, kowace da lambarta. Ban taɓa ganin ruwa mai tsabta irin wannan ba. Babu ko ɗigon datti, babu kumfa, ba ya ko motsi. Tsabtar tasa ma ta ƙara ba ni tsoro. Na ɗauki ta farko a sahun da na fi jin ƙarar, na kwance ledojin a hankali, na murɗe marfin. Na tsoma basilla, na karanta addu'ar neman tsari ƙafa bakwai. Da na zaro ta, sai na ga bakinta ya yi haske. Tsatsar ta tafi, kamar an lashe.

Na ce a raina, lalle akwai su.

Na rufe, na mayar da ledoji yadda suke. Na yi wa ta biyu haka, na yi wa ta uku. Na miƙa hannu kan ta huɗu, ban kai ga taɓa ledarta ba, sai ta ce ƙwas a ƙarƙashin tafina. Ban san lokacin da na maida murfin akwatin ba. Allah ya taimake ni ladan ya kira azahar, na fita da takalmi ƙafa ɗaya.

Da na dawo masallaci na yi abin da na saba yi duk lokacin da na yi wa wani addu'a. Na ɗauki takarda na rubuta da ajami: rana kaza ga wata, kafin azahar, an tsoma basilla a kwalba mai lamba kaza, da kaza, da kaza, ƙafa bakwai-bakwai, ta huɗu ba a taɓa ba. Na sa a gafaka.

Da yammacin ranar hadari ya haɗu, aka yi ruwan farko na shekara, gari ya yi sanyi. Ƙwanƙwasa ta tsaya cak. Bayan kwana biyu Sa'adatu ta dawo da albishir cewa uwarta ta tashi har ta sha kunu. Ta ɗauki akwatinta, ta yi mini godiyar riƙon amana, na amsa da "Haba, ba komai" (da murya irin ta wanda ya san abin da ya yi wa mutane ba su sani ba). Na yi makonni ina tafiya masallaci da wani irin taku.

Bayan kaka Sa'adatu ta kira ni a waya. Muryarta cike take da murna.

"Baffa, addu'arka ta ci! Mun auna ruwan nan. A wani zurfi mun sami ƙarfe mai yawan da ba mu taɓa gani ba a wannan yanki. Abokan aikina suna zaton akwai wani marmaro mai zafi a ƙasan teku da ba wanda ya san da shi. Kwalba ɗaya ta cika sosai, ta kusa da ita ta ragu, ta uku ta ƙara raguwa, ta huɗu kaɗan. Daidai yadda hayaƙi ke bajewa in ya tashi daga murhu. Ni zan gabatar a babban taro, sunana ne a gaba, kuma za mu nemi jirgi ya koma wurin."

Na ce, "Masha Allah." Na ƙara cewa, "Masha Allah." Na rasa ta uku.

Ta farko ta cika, ta biyu ta ragu, ta uku ta ƙara raguwa. Ni na san dalili. Tsatsar ce ke ƙarewa.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa wataƙila dai marmaron na nan, ai ikon Allah ya fi haka. A rana ta uku Gambo ta zauna a gefen tabarmata tana tsince wake, ba ta dube ni ba.

"Malam, basillarka ta yi haske kwana biyun nan."

Na kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Ta taga na gan ka ranar. Na ce bari in ga ko mai hana mu wuƙa zai faɗa da bakinsa."

"Don kare yarinyar na yi."

"To yanzu kare ta. In ta tsaya gaban duniya ta faɗi abin nan, aka tura jirgi aka je ba a ga komai ba, wa za a ce ya yi ƙarya? Kai da ke Batsari? Marainiya ce fa, sunanta kawai take da shi."

Ban taɓa jin wa'azin da ya shige ni kamar wannan ba, kuma daga bakin mai tsintar wake.

Na kira Sa'adatu na faɗa mata komai. Ta saurare ni har na gama. Da ta yi magana, ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Waɗanne kwalabe, Baffa?"

Na ɗauko takardar na karanta mata lambobin.

"Zan zo. Kada ka wanke basillar. Kuma abokan aikina dole su ji daga bakinka, don ruwan ba nawa ba ne ni kaɗai."

Ta zo wata ranar Laraba da kwamfutarta. Ta ɗora ta a kan turmi a zaure, da hantsi. Fuskoki suka bayyana cikin ƙananan tagogi. Akwai wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi, ita ce shugabar aikin. Akwai wani Bajapane da ba ya ko ƙyafta ido. Akwai wani mutumin Sanigal da ya yi mini sallama cikakkiya har da tambayar iyali. Na sa babbar rigata ta Juma'a, kamar hakan zai rage wani abu. A bayan labule kuwa ina jin motsi da ƙus-ƙus. Gambo ta gayyato matan unguwa, waɗanda na yi shekaru ina yi wa wa'azin wuƙa.

Sa'adatu ce ke fassara. Suka ce in nuna abin da na tsoma. Na ɗaga basilla. Bajapanen ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika tagar.

"Suna tambaya, tsawon wane lokaci ta yi a cikin kowace kwalba?"

"Gwargwadon addu'ar tsari ƙafa bakwai."

Ta fassara. Suka dubi juna. Baturiyar ta yi magana, ta ɗaga agogon hannunta.

"Baffa, ta ce ka karanta yadda ka karanta ranar, za ta auna da agogo."

"Yanzu?"

"Yanzu."

Haka na zauna, ni da furfurata, riƙe da basilla a sama, ina karanta addu'ar neman tsari daga shaiɗanu a gaban kwamfuta, wata tsohuwa a wata uwa duniya tana kallon agogo. Na kai ƙafa ta uku sai Sa'adatu ta tsayar da ni.

"Ta ce, da wannan saurin ka karanta ranar, ko ka fi haka sauri?"

Na sunkuyar da kai. "Ki ce mata na fi haka sauri. Sosai."

Wata a bayan labule ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya, sauran suka bi.

Sai tambayar da nake gudu ta zo. Me ya sa? Na ga Sa'adatu tana neman yadda za ta lulluɓe ni, tana jan magana. Na ce mata, "Faɗa musu gaskiya, 'yar nan. Ki ce aljanu na kora." Ba ta kai ga fassarawa ba mutumin Sanigal ya rufe bakinsa da hannu, kafaɗunsa na rawa. Ya tsinci kalmar. Da ya samu numfashi ya ce a gaya wa Malam kakarsa ma ba ta barin jariri ya kwana ba ƙarfe a kusa. Ya yi nufin ya sanyaya mini rai. Daga bayan labule aka ce, "Allah ya jiƙan kakar nan, ba ta haɗu da Malam ba!"

Baturiyar ba ta yi dariya ba. Ta nemi in nuna takardar da na rubuta. Na kara ta a gaban kwamfuta, Sa'adatu ta bi ajamin da yatsa tana karanta musu. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce tana da ɗalibai masu manyan digiri da ba sa rubuta abin da suka yi dalla-dalla haka, kuma da ba don takardar nan ba da sai an zubar da ruwan akwatin gaba ɗaya. Yanzu uku kawai za a cire. Ban san ko yabo ne ko ta'aziyya ba, amma na karɓa.

Sa'adatu ta kuma yi mini bayanin sauran a gabansu. An cika kwalaben a cikin sanyi, zafin Batsari ya sa robar tana buɗewa tana ƙara. Ruwan sama ya sauka, zafi ya ragu, ƙara ta tsaya. Tsatsa kuwa, wani ruwan tsami suke ɗigawa a kowace kwalba don adana ta, shi ya cinye ta. Kowane bayani ta yi sai in ji na ƙara gajarta a cikin rigata.

Har an fara sallama sai Bajapanen ya ɗaga yatsa ya yi magana a karo na farko. Fuskar Sa'adatu ta canja.

"Baffa, yana tambayar ta huɗu."

"Ban taɓa ta ba."

"Ko ledarta?"

"Wallahi ko ledarta. Ga shi a rubuce."

Sa'adatu ta ce a hankali, da Hausa, kamar da kanta take magana, "Sau biyu muka auna ta. Ƙarfen yana nan."

Baturiyar ta ce kwalba ɗaya ba ta isa a kira taro a kanta ba, sai wani jirgin ya sake bi ta wurin a ɗebo wata.

Sa'adatu ta janye takardar bincikenta daga taron. Ta rasa damar tsayawa gaban masana da ta yi shekaru tana jira, amma ba wanda ya taɓa cewa ta yi ƙarya, kuma har yau tana cikin aikin. Da za ta tafi ta sa safar hannu, ta ɗauki basillar malamina, ta sa ta a leda biyu, ta rubuta mata lamba. Na raka ta bakin mota ina ta neman gafara. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, idanunta jajur, sannan ta yi ɗan murmushi.

"Na yafe, Baffa. Ka ci gaba da yi mini addu'a. Amma daga nesa."

Abin da na koya shi ne, in an ba ka amanar abin da ba ka gane ba, mutum na farko da za ka tsare ta daga gare shi shi ne kai. Wa'azin wuƙa kuwa ban daina ba, don gaskiya ce, sai dai yanzu in na fara sai wata daga sahun baya ta yi gyaran murya ta ce, "Har da basilla, Malam?" In ce, "Har da basilla."

Game da ta huɗu, Sa'adatu ta ce zafi ne ya sa ta yi ƙara a ƙarƙashin hannuna, ƙarfen cikinta kuma bincike zai nuna. Na yarda, ita ce mai ilimin abin. Amma har yau kyanwar nan ba ta koma barci a ɗakin karatuna ba. Ni ma, in rana ta take, a zaure nake rubutuna.